Dakta tun tana aji uku

Ni malamar firamare ce a Tudun Wadan Zariya, bana shekarata 19 ina koyarwa. Yarinyar da wannan rubutu ya shafa 'yar yayana ce, wanda muke ciki ɗaya da shi. Na nemi izininta da na mahaifinta kafin in ɗauki alƙalami, suka amince bisa sharaɗin kada in ambaci suna, kada kuma in ambaci makarantarta. Abin da ya sa na rubuta shi ne na san akwai gidaje da yawa a garin nan da irin wannan yarinya take ciki, mutanen gidan ba su sani ba, kamar yadda mu ma muka yi kusan wata shida ba mu sani ba.

Gidan da ta tashi

Ita ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarmu aka mayar mata. Kunya ta zama biyu ke nan. Uwarta ba ta kiran sunanta, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Yaya kuwa ba zai iya buɗe baki ya kira sunan uwarsa gatsau ba, don haka "Mamana" yake ce mata tun tana zanin goyo. Da ta kai aji uku na firamare ta zo ta ɗaya zango uku a jere. Ranar raba kyaututtuka, tana saukowa da littattafanta a hannu, Yaya ya ce a gaban jama'a, "Ga Dakta nan." Daga ranar sunan ya bi ta. Uwar ta samu abin kiranta ba tare da ta keta kunya ba, ƙannenta suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka, har mai kai musu ruwa a kura Dakta yake ce mata.

Wanda bai zauna Zariya ba ba zai gane nauyin wannan suna ba. Gari ne da tun kafin zuwan Turawa almajirai suke yin tattaki zuwa zaurukan malamansa a Unguwar Juma da Kona. Daga baya Kwalejin Barewa ta dawo nan a 1949, ga Kwalejin Alhudahuda, ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, ga asibitin koyarwarta a Shika. Yaro yana tasowa yana ganin ɗalibai da fararen riguna a kafaɗa suna jiran mota. A nan mutum biyu ake so yaro ya zama lokaci guda: mahaddaci kuma mai digiri. In ya rasa ɗaya, kamar ya rasa duka ne.

Yaya ɗan kasuwa ne, yana sayar da yadi da atamfa a Kasuwar Sabon Gari. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau a shekarar da mahaifinmu ya rasu, sai ya ajiye takardunsa a ƙasan akwati ya zauna a shago don mu ci abinci, mu ƙanana mu yi karatu. Da guminsa na yi kwalejin ilimi. Bai taɓa yi mana gori ba, amma duk mun san akwai abin da ya tsaya masa a rai. Akwai kuma wani abu: wasu daga dangi sun sha ce masa kashe kuɗi a bokon 'ya mace zuba ruwa ne a rariya, gidan wani za ta. Ya yi kunnen uwar shegu da su, ya sa ta a makarantar kuɗi, yana biya da adashi, wani zangon har da bashi. Saboda haka sakamakon yarinyar ya tashi daga nata, ya zama hujjar ubanta a gaban dangi. Ita ma ta san da haka, don a gabanta ake faɗa.

Ni ma da hannuna a ciki. Ni na ba da shawarar a tsallakar da ita daga aji biyar zuwa ƙaramar sakandare, na ce ƙwaƙwalwarta ta wuce aji shida. Shi ya sa ta shiga SS3, ajin ƙarshe na sakandare, tana da shekara 15, ita ce ƙarama a ajinsu. Ƙwaƙwalwar na duba, ban duba shekarun ba.

Yininta

Bayan abin ya faru na zauna da ita muka rubuta yadda take yini a takarda. Tana tashi ƙarfe huɗu da rabi. Bayan sallar asuba ta tafi tahfiz, ta ba da hadda, ta dawo kafin bakwai. Bakwai da rabi tana makarantar boko har ƙarfe biyu, sannan lesin na dole ga 'yan ajin ƙarshe har huɗu. Ba ta cire kayan makaranta sosai ba za ta zura hijabin Islamiyya, sai shida. Bayan magariba ta taya uwarta tuƙin tuwo, ta yi wanke-wanke, tunda ita ce babba kuma mace, ƙannenta uku na bayanta duk maza ne. Sau uku a mako malamin lesin yana zuwa gida da ƙarfe takwas don Fiziks da Kemistiri. Bayan ya tafi sai aikin gida na makaranta, da tsofaffin tambayoyin JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a, da haddar gobe, a hasken fitila mai caji. Sha biyu da rabi take kwanciya, wani daren ɗaya. Asabar da safe tana cibiyar koyon jarrabawa a kwamfuta, da yamma Islamiyya. Lahadi wanki da muraja'a.

Barcin awa huɗu ke nan, alhali likitocin barci sun yi ittifaƙi a kan cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa takwas zuwa goma. Ba don hutun jiki kawai ba. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take jera abin da aka koya da rana ta adana shi. Wanda ya yanke barci don ya ƙara karatu, yana ƙara zubawa ne yana rage abin da zai zauna. Don ta iya kaiwa dare, ƙawayenta sun koya mata shan Nescafe ba madara da tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi, har a cikin hunturu.

Abin da ya fi taɓa ni a takardar nan ba yawan awannin ba ne. Na bi ta daga sama har ƙasa, daga Asabar zuwa Juma'a, ban ga awa ɗaya da babu wanda yake jiran wani abu daga gare ta ba.

Abin da kowa ya gani

Ciwon kai ne ya fara, a zangon farko na SS3, wajen Oktoban 2024. Sai ciwon ciki da sassafe, musamman ranar da ake da gwaji. Aka je kemis, aka ce maleriya ce da taifod, aka ba da magani. Bayan sati uku aka sake. Da ciwon cikin ya ƙi tafiya aka ce olsa ce. Ta daina cin abinci sosai, ta rame, idanunta suka faɗa. Yarinyar da take cika gida da surutu ta koma sai an tambaye ta take magana, ƙaninta ya taɓa littafinta kuwa ta fashe da kuka ko ta kai masa duka.

Kowa ya karanta abin da irin nasa idon. Uwarta ta ce girma ne yake zuwa mata da miskilanci. A Islamiyya aka ce ta yi sakaci, don shafin da ta kawo jiya lafiya lau yau ya zube, har aka yi mata bulala a tafin hannu. Kakarta ta wajen uwa ta ce baki ne, yarinya ta yi suna da yawa, a nemi tsari. Yaya ya ce lalaci ne ya fara shigarta. Ni da nake malama, na gan ta a wani suna cikin Disamba, na ce a raina wahalar SS3 ce, kowa ya bi ta nan. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar ta yi ta faɗa, mu ne kowa ya riga ya shirya amsarsa.

Sakamakon zangon ya fito ta zo ta tara. Yaya ba mai duka ba ne, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ya dubi takardar ya ce, "Ta tara? Kuɗin ta tara nake biya?" Ya ajiye, ya fita. Kwana huɗu in ta gaishe shi sai ya amsa a taƙaice bai dube ta ba. Bai ce mata Dakta ba. Bai kuma ce mata komai ba, tunda "Mamana" ya daɗe da ɓacewa daga bakinsa. Daga baya ta ce mini gara a ce ya zane ta. Maganin da ya ga ya dace shi ne ya ƙara wa malamin lesin kwana ɗaya.

Ranar Kemistiri

A watan Fabrairun 2025 makarantarsu ta yi jarrabawar gwaji. Ranar Kemistiri aka raba takarda, ta rubuta sunanta, ta karanta tambaya ta farko, abin da ta bita da daddare, sai ta ji kanta fayau ba komai. Hannunta ya kama rawa, zuciyarta tana bugawa kamar za ta fito, numfashi ya ƙi isarta, yatsunta suka ƙage. Ta miƙe za ta fita ta faɗi a bakin ƙofa. 'Yan ajin suka watse suna ihun aljanu. Aka kai ta gida, aka kira malami ya yi mata ruƙiyya kwana uku.

A rana ta uku na je. Na same ta kwance ta juya wa ƙofa baya, ga littafin Kemistiri a gefen filo, don an ce ta riƙa dubawa kada a bar ta a baya. Ban yi gardama da kowa ba. Na ce, "Yaya, a ba ni ita ta taya ni kwana biyu." Gwaggo tana da wannan haƙƙi, bai hana ba.

Daren farko ban tambaye ta komai ba, ta yi barcin awa goma sha ɗaya. Washegari da la'asar na ce ta zo in tsefe mata kai in yi mata kitso. Da gangan na yi. Yaranmu ba sa iya kallon idon babba su faɗi abin da yake cikinsu, amma a wajen kitso tana zaune tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya, hannuna yana kanta. Na ga gashin gaban goshinta ya kakkarye. Na ce, "Kin gaji, ko?" Ta yi shiru har na gama layi biyu. Sannan ta ce, "Gwaggo, in ban samu medisin ba, me Baba zai riƙa ce mini?"

Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita, kuma na ga in na yi saurin cewa "haba, za ki samu" zan rufe ƙofar da ta fara buɗewa. Na ci gaba da kitso. Ta yi ta magana. Ta ce in ta ji ƙarar mashin ɗin Baba a ƙofar gida gabanta faɗuwa yake yi. Ta ce ta san nawa ne kuɗin makarantarta, ta san zangon da aka ci bashi, ta ji ranar da Umma ta sayar da 'yan kunnenta. Ta ce tana karanta shafi sau biyar ba ta san me ta karanta ba. Can ƙasa-ƙasa ta ce wani daren tana fatan ta kwanta kada ta farka.

Nan na saki gashin, na zagayo gabanta, na tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin yi wa kanta wani abu. Mutane suna tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za a cusa wa yaro abin da babu a ransa. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun nuna ba haka ba ne, tambayar sauƙi take kawowa. Ta ce a'a, tana tsoron Allah, so kawai take komai ya tsaya. Na yarda da ita, amma duk da haka a daren na kira uwarta na ce a kwashe magunguna da maganin ƙwari a kulle, kuma na yanke cewa sai mun ga likita.

Shika, da zaman da aka yi a zauren Baffa

Ni da uwarta muka kai ta asibitin koyarwa na Shika. Aka yi gwajin jini, babu maleriya, jininta ne ya ɗan yi ƙasa. Likitar ta tambayi awa nawa take barci, me take ci, me take sha, sannan ta ce mu ba su wuri. Sun yi kusan rabin awa. Da muka dawo ta yi mana bayanin faɗuwar da ta yi a aji: idan tsoro ya kai maƙura jiki yana sakin sinadarin da yake shirya mutum gudu ko faɗa, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, saurin numfashin kuma shi yake kawo jiri da ƙagewar yatsu. Jikin yarinyar ya ɗauki takardar jarrabawa kamar maciji ne a gabanta. Ta ce ciwon kan da ciwon cikin na gaske ne, ba ƙarya take yi ba, amma tushensu damuwa ce. Ta tura mu sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Da Yaya ya ji, ya ce, "'Yata ba mahaukaciya ba ce. In aka gan ta a can, wa zai aure ta?" Ba na ganin laifinsa ƙwarai a kan wannan tsoro, haka muka tashi muka tarar. Ƙasar ma kanta sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Na gaya masa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta wannan fanni. Ya ce wannan lissafin Turawa ne. Na gane ƙanwa ba za ta iya juya shi ba, sai na tafi wajen Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne ubanmu yanzu.

Baffa ya kira shi zaure bayan isha'i. Bai yi masa faɗa ba. Ya sa tabarau ya karanta takardar yinin yarinyar da ƙarfi, awa bayan awa, har ƙarshe. Sannan ya ce, "Yaron shagonka, ƙarfe nawa yake zuwa?" Yaya ya ce tara. "Ya tashi?" Ya ce shida. "Yana da ranar hutu?" Ya ce yana da ita. Baffa ya ninke takardar ya miƙa masa, ya ce, "To ɗan wani ka tausaya wa." Ya tuna masa cewa Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa sahabin da ya matsa wa kansa da ibada jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Ya ce in ibada ma an yi mata iyaka, ina ga Kemistiri. A kan asibiti kuwa ya ce addu'a ba ta hana magani, a ci gaba da azkar, a kuma je wajen likita.

Yaya bai ce uffan ba har muka fito. Washegari shi ya ba da kuɗin mota.

A sashen aka ce tana da matsananciyar fargaba tare da alamun damuwa mai danne zuciya. Ba a fara da ƙwaya ba. Aka sa mata ranakun zuwa tattaunawa, aka koya mata yadda za ta ja numfashi a hankali ta sake shi in ta ji abin yana tasowa, aka kuma ce ana son ganin iyayen duka biyu. Yaya ya je sau ɗaya, ya zauna a takure, amma ya je.

Abin da aka canza

Wasu abubuwan sun zo da sauƙi. Aka sallami malamin lesin na dare. Na je Islamiyya da kaina na yi wa shugabar bayani, ta amince a dakatar da sabuwar hadda sai bayan jarrabawa, muraja'a kawai za ta riƙa yi, ta kuma yi wa malaman magana a kan bulala. Ƙarfe goma uwar take karɓe fitila. Nescafe ya fita daga gidan. Yammacin Juma'a ya zama nata, in ta so ta zo wajena, in ta so ta yi barci. Wanke-wanke aka raba da ƙannenta maza, wannan sai da aka kai ruwa rana, don kakarsu ta ce ba a taɓa yi ba.

Mai wuyar shi ne tsakaninta da ubanta. Da na zauna na yi tunani sai na ga tun tana aji uku babu wata magana da take haɗa su in ba ta karatu ba. "Ya jarrabawa?" "Ta nawa kika zo?" "Kin yi haddar?" Kunyar 'yar fari ta hana shi wasa da ita, ta hana uwar rungumarta, ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, ita ce ta sakamako. Duk ƙaunar da yake mata ta nan take bi. Ranar da sakamako ya lalace, a ganin yarinyar ƙaunar ce ta yanke. Ba na cewa a yar da kunya, ado ce a gare mu. Amma a da 'yar fari tana da kaka ko gwaggo a cikin gida da take riƙonta, wadda take ba ta abin da iyaye suke jin nauyin bayarwa. Yanzu kowa ya ware da matarsa da 'ya'yansa, kunyar ta biyo mu, kakar ba ta biyo mu ba.

Shawarar da aka ba Yaya ƙarama ce: ya riƙa kai ta makaranta a mashin da safe, kuma kada ya yi maganar karatu a hanya. Satin farko shiru suka yi ta yi daga gida har ƙofar makaranta, don bai san me zai ce ba. A sati na biyu ya fara nuna mata wurare, ga inda kakanta yake da rumfa, ga rimin da suke hutawa a ƙarƙashinsa suna yara. Wata safiya cikin azumi ya tsaya a gefen hanya wajen Ƙofar Doka ya ba ta labarin takardunsa da suke ƙasan akwati, abin da ko ni bai taɓa zama ya gaya mini ba. Ta ce mini ranar ce ta fara ganin Baba a matsayin wanda shi ma abu ya taɓa kuɓuce masa.

Ba a tafi sumul ba. Ya taɓa suɓutar baki ya kawo zancen ɗan maƙwabcinsu da yake aji uku a likitanci, daren ba ta yi barci ba. Abin ya sake taso mata sau ɗaya a cibiyar kwamfuta, sai dai wannan karon ta san sunansa, ta fita waje ta yi numfashinta ta dawo. Uwar ta yi fushi da ni na ɗan lokaci, tana ganin kamar na nuna ba ta iya riƙon 'yarta ba, sai da na je na ba ta haƙuri. Sau biyu ba a je Shika ba saboda kasuwa ba ta yi daɗi ba.

Sakamako

Ta rubuta JAMB a ƙarshen Afrilu: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, tambaya 180 cikin awa biyu. Ta zauna har ƙarshe, hannunta bai yi rawa ba. A watan Mayu sakamako ya fito, ta samu 218 cikin 400. A sakamakon farko da aka fitar a shekarar, cikin mutum fiye da miliyan 1.9 da suka rubuta, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Wato yarinyar da take ganin ta zama abin kunya tana cikin kason sama na ƙasar nan. Amma makin ba zai kai ta likitanci ba, kowa ya sani.

Yaya ya karanta saƙon a waya, ya tashi ya tafi masallaci, bai dawo ba sai bayan isha'i. Da safe ya ce mata, "Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari." Na san abin da furta wannan ya ci masa, don bayan kwana biyu na same shi a shago ya ce mini, "Na so a ce ko ɗaya daga cikinmu ya sa farar rigar nan," idonsa ya kawo ruwa. Na bar shi ya yi, a shago, ba a gabanta ba.

WAEC, jarrabawar kammala sakandare, ta fito mata da kiredit ɗin da ake buƙata. Nan dangin da suka daɗe suna jira suka taso, suka ce tunda medisin bai samu ba ga masu nema, a yi mata aure. Yaya ya ce a'a, a gabanta ya faɗa, ya ce karatunta bai ƙare ba sai ranar da ita ta ce ya ƙare. A ganina wannan ya fi duk abin da muka yi mata amfani. Sai a lokacin aka yi mata tambayar da ba a taɓa yi ba tun tana aji uku: me take so? Ta ce ba ta sani ba. Ta ce tana son Bayoloji, musamman ɓangaren tsirrai, ta taɓa zuwa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da makarantarsu abin ya burge ta, amma ba ta tabbata ba ta son likitancin ba, tunda ba a taɓa barinta ta so shi da kanta ba. Ta roƙi a bar ta ta sake rubutawa, ta yi shawara a tsanake. Aka bar ta. Ta koma haddarta, rabin shafi a rana, tana zama.

Ni kuma na daina karanta na ɗaya da na ƙarshe da ƙarfi a ajina. Iyaye in sun zo karɓar sakamako nakan tambaye su ƙarfe nawa yaron yake kwanciya, wasu su yi mamakin tambayar, wasu su tsaya mu yi magana.

Sunan Dakta bai mutu gaba ɗaya ba, maƙwabta suna nan suna kira, ita ma ta ce ya daina yi mata nauyi. A cikin gida dai Yaya ya koma "Mamana". Watan jiya na je gidan, na tarar ƙaninta na biye, mai shekara 12, ya zo na biyu a ajinsu, uban yana ta murna yana ce masa Injiniya. Da yaran suka fita na ce, "Yaya, wannan sunan fa." Ya yi shiru yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce ya ji. Na tambayi uwar ƙarfe nawa yaron yake kwanciya, ta ce tara da rabi, ita take karɓe fitilar.